Takardun Zion

Ranar Laraba da hantsi Dorothy ta shigo shagon Ba Madu da ke Moduganari tana fifita da wata takarda. Shago ne na buga takardu da kwafi da sikanin, irin wanda ɗalibai da malamai ke cika shi ƙarshen zango. Ba Madu, mai shagon, yana kujerarsa ta bakin ƙofa yana jan carbi. Kaltum, ma'aikaciyarsa tilo, tana gaban kwamfuta, 'yarta Jannat mai shekara ɗaya da wata uku tana zagaya ƙafar tebur da murfin biro a hannu.

"Lale, Malama Dorothy. Yau ba makaranta ne?" in ji Ba Madu.

"Akwai, Baba. Awa ɗaya na roƙi hedimasta. Albishirinku."

"Goro fari."

"An ba mu rana a Kano."

Kowa a layin ya san zancen Kanon nan. Zion, 'yar Dorothy, shekararta bakwai, da huji a zuciya aka haife ta, kuma shekara biyu ke nan uwar tana jiran a ba ta ranar ganin babban likita.

"Litinin zai gan ta, Asabar za mu tashi," Dorothy ta ci gaba. "Sai dai ya ce in zo da duk gwaje-gwajen da aka yi mata tun tana jaririya, yana so ya ga yadda hujin ke tafiya shekara bayan shekara. Kun san na asalin ruwa ya tafi da su a Galtimari. Jiya na tuna, kafin ambaliya na kawo su nan an ɗauki hotonsu a kwamfuta, lokacin da wata ƙungiya ta nemi kwafi."

Ba Madu ya gyara zama, don an taɓo inda yake so. "Kin zo gida. Shagon nan ruwa ya kawo mini ƙirji, ya ci kwamfuta biyu da injin kwafi, amma takardun mutane ko ɗigo bai taɓa su ba. Suna sama, a ma'ajiyar intanet. 'Yata, fito wa Malama da takardunta."

Kaltum ta rubuta sunan Zion a gurbin bincike. Ba abin da ya fito. Ta rubuta Dorothy, ta rubuta Dzarma, sunan mijin. Ta sake rubuta Zion da manyan baƙaƙe, ko da yake ta san wannan ba ya canja komai. Tun da Dorothy ta ce "kafin ambaliya" Kaltum ta san inda takardun suka tafi, kuma ta san hannun da ya kai su.

Jannat tana da sati uku a duniya ruwan ya shigo gari. A cikin bahon wanki Kaltum ta ɗauko ta a ka, ta baro wayarta a ƙarƙashin matashi. Da wayar hoton ranar haihuwa ya tafi, da na ranar suna. Har yau in aka tambaye ta wa Jannat ta ɗauko tana jaririya, ba ta da abin nunawa. Shi ya sa da mijinta Tahir ya saya mata wata wayar, ta haɗa ta da ma'ajiyar shagon a ɓoye, saboda ta gani da idonta cewa abin da ke can ne ya tsira daga ruwan. Duk bidiyon da ta ɗauka yana hawa can da kansa, haƙorin farko, rarrafe, wanka, kuka, dariya, wayar kuma ta share nata don ta sami wuri.

Sai wata Litinin, sati uku da suka wuce, ta dawo daga yi wa Jannat allurar rigakafi, yarinyar na tsala kuka a bayanta, ta tarar da wani malami yana jiran takardun jarrabawa da aka turo ta imel. Kwamfuta ta ce ma'ajiya ta cika, ba saƙon da zai shigo. Ba Madu ya tafi ta'aziyya. Ta duba ta ga me ya cinye wurin, ta sami abu biyu manya: bidiyoyinta, da wata folda mai suna Tsofaffin Ayyuka wadda aka fi shekara ba a buɗe ba. Ita ma ba ta buɗe ba. Ta goge ta. Wuri bai samu ba sai da ta zubar da kwandon sharar, kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

"Babu, Baba," ta ce, idonta a kan allo.

Ba Madu ya taso ya leƙa ta kafaɗarta kamar ganinsa zai sa su fito. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa goshi. "Na gane. Waɗancan tsofaffin a tsohuwar kwamfuta suka zauna, ba su hau sama ba. Ruwa ya ci su tare da ita. Malama, ki yi haƙuri, na yi miki cika baki."

A garin nan tun bara duk abin da ya ɓata ruwa ne ya ci, har wanda ya ɓata kafin ruwan. Ba wanda ke musu, don kowa akwai abin da aka ci masa. Kaltum ta ga an miƙo mata mafita ba ta roƙa ba, ta karɓa.

Dorothy ta ce za ta koma aji, in an tashi za ta biyo ko Allah zai sa a gano wani abu. Ba Madu ya ɗauki waya ya kira Thomas, wanda ya buɗe musu ma'ajiyar tun farko.

Bayan azahar Thomas ya iso da jakarsa mai cike da wayoyi. Dogo ne, ba ya son zama, kuma ba ya fara aiki sai ya sha ruwa.

"Likitan kwamfuta, sai an mutu ake ganinka," in ji Ba Madu.

"Ai ku ne ba kwa kira sai ana haƙa kabari, Baba."

Ba Madu ya ba shi labari yadda ya fahimce shi, da tsohuwar kwamfuta da ruwa. Thomas ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai ba su taɓa hawa ba, ba abin da zai nemo, bai ma zauna a gaban allon ba. Ya ce amma tunda an kira shi, bari ya maimaita abin da ya faɗa shekara uku da suka wuce aka ce masa yana neman na cefane.

"Wannan sama da kake yabo, Baba, ɗaki ɗaya ne. Yana tsare maka kaya daga ruwa da wuta da ɓarawo. Ba ya tsare su daga hannun mai gida. In wani a nan ya goge abu ya zubar da kwandon, kamfanin zai riƙe shi a bayan fage kwana ashirin da biyar. A cikin kwanakin nan zan iya shiga ta ƙofar mai gida in dawo da shi. Bayan nan ko wanda ya ƙera abin ba zai iya ba. Shi ya sa ake yin kwafi na biyu a wani wuri dabam. Bakof ke nan."

Kwana ashirin da biyar. Kaltum ta sunkuya kamar za ta ɗauko wa Jannat ruwa, ta zaro katin rigakafi daga jakar yarinyar, ta duba ranar da ma'aikaciyar asibiti ta rubuta. Ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi, ta sake ƙirgawa. Ashirin da uku.

Thomas ya ce hanya biyu ce. Ya fito da wani ɗan akwati baƙi da bai fi tafin hannu ba, ya ajiye a tebur. Wannan faifan ajiya ne: duk Juma'a wani ya zauna ya kwafe komai a ciki, ya kai shi gida ya ajiye. Ba ya buƙatar kowa sai mai tunawa. Ta biyun kuma wani kamfani ne dabam da zai riƙa ɗaukar kwafin komai kullum da kansa, ya riƙe shekara guda, ko an goge a nan yana can. Sai dai wannan sai mako mai zuwa zai haɗa, kuma sai ya shiga ma'ajiyar ya bi ta kan komai, ya ga me ke ciki, wace waya da wace kwamfuta ke haɗe da ita.

"Ni duk Larabci ne wannan," in ji Ba Madu. "Kaltum ce za ta zaɓa. Ita ke riƙe da shagon nan, ni bakin ƙofa kawai nake gadi. Shekara huɗu ko allura ba ta ɓata a hannunta ba."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kaltum ta dubi faifan, ta dubi Ba Madu. Abokin mahaifinta ne Ba Madu, shi ya ba ta aikin, shi ya ce ta riƙa zuwa da goyonta lokacin da wasu wuraren suka ce ba sa ɗaukar mai jego.

"Faifan," ta ce. "Ni zan riƙa kwafewa."

Thomas ya dube ta. "Ke da na sani da tsantseni? Na ɗauka za ki ce na biyun. In kika manta Juma'a biyu fa, ko yarinya ta yi zazzaɓi?"

"Ba zan manta ba."

"To, shi ke nan." Ya tura mata akwatin, ya shiga naɗe wayoyinsa.

Ta riƙe shi a hannu. Ta gaya wa kanta likita ai likita ne, zai yi sabon gwaji. Ta gaya wa kanta wataƙila ma takardun ba sa cikin foldar, tunda ba ta buɗe ta gani ba. Ta gaya wa kanta in ta rasa aikin nan ba ta san inda za a karɓe ta da Jannat ba. Duk maganganun gaskiya ne, kuma ba wadda ta zauna mata.

Thomas na rataya jaka Dorothy ta dawo, alli a hannun rigarta. Ta karanta amsar a fuskokinsu, ba ta tambaya ba. Ta zauna a benci, Jannat ta tako ta dafa gwiwarta, ta ɗauke ta ta ɗora a cinya.

"Na biya ta asibitin da aka fara yi mata hoton zuciyar," ta ce. "An mayar da wurin shagon taya. Likitan ya koma garinsu." Ta buɗe jakarta ta fito da littafin aji, ta buɗe shafin baya. "Da yara ke rubutu na zauna na rubuta abin da na tuna. Na farko tana wata huɗu, sun ce hujin milimita takwas ne. Ko shida. Na biyu ne takwas? Maman Jannat, ke kika ɗauke su a lokacin, kin tuna wani abu?"

Kaltum ta girgiza kai.

"Akwai maganin da ya taɓa kumbura mata fuska tana shekara biyu, an rubuta kada a sake ba ta. Sunan ya ƙi zuwa. Yana farawa da ka, ko da fa." Dorothy ta rufe littafin. Ta ga idon Kaltum ya kawo ruwa, ta miƙo hannu ta dafa ta. "Haba, ke kuma mene ne naki? Ruwa ne, ƙanwata. Ba ke kika aiko shi ba."

Thomas ya riga ya fita, yana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro yana ɗaga wa Keke Napep hannu. Kaltum ta miƙe, kujerar ta faɗi a bayanta. Ta tsaya a ƙofar shago.

"Malam Thomas, dawo."

Ya dawo yana tambayar me ya manta. Ba ta dube shi ba, Ba Madu ta duba.

"Baba, ba ruwa ba ne. Foldar ta hau sama. Ni na goge ta, na zubar da kwandon. Yau kwana ashirin da uku."

Carbin ya tsaya a hannun Ba Madu. Ta faɗi sauran a tsaye, da wayar da ta haɗa, da bidiyoyin, da malamin jarrabawa. Ba ta ambaci bahon wanki ba, don ta san in ta ambata zai zama kamar tana neman a tausaya mata. Dorothy ta sauke Jannat daga cinyarta a hankali ta tsayar da ita a ƙasa.

"Tun safe kin sani?" Dorothy ta tambaya.

"Tun safe."

Thomas ya ajiye jaka, ya ɗaga kujerar, a karon farko ya zauna. Ya nemi kalmar sirrin mai gida, Ba Madu ya zaro ta daga cikin hularsa a wata 'yar takarda da ta sha gumi. Can Thomas ya ce ga ta nan, tana nan, amma akwai matsala. Foldar ba za ta dawo ba sai da wurin da za ta sauka, kuma ma'ajiyar ta sake cika maƙil. Ƙarin wuri ta hannun dillali ake saya, kwana biyu zuwa uku kafin ya shigo.

"A kwashe bidiyoyin zuwa faifan mana," in ji Ba Madu, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Da wannan natuwok ɗin? Sai jibi, in wuta ba ta ɗauke ba. Kuma ashirin da biyar ɗin nan da agogonsu suke ƙirgawa, ba da namu ba. Ni ba zan kwana a kansa ba." Thomas ya juyo. "Wayarki za ta ɗauki uku ko huɗu, Kaltum. Zaɓi."

Ya matsa mata. Ƙananan hotuna suka cika allon, ɗari huɗu da wani abu, duk fuska ɗaya tana girma daga sama zuwa ƙasa. Kaltum ta san kowanne ba sai ta buɗe ba. Ta ɗauki na ranar da Jannat ta fara takawa. Ta ɗauki wanda mahaifiyarta ke yi wa yarinyar waƙa da Kanuri. Ta kai hannu kan na uku, ta ga layin saukarwa yana jan ƙafa kamar hawainiya, ta ga Dorothy tana kallon agogon bango, ta fasa. Ta zaɓi sauran gaba ɗaya ta goge. Ta buɗe kwandon. Kwamfutar ta yi tambayarta, ta amsa.

Sai da aka kira la'asar foldar ta gama dawowa. A ciki, tsakanin takardun filaye da shaidar kammala makaranta na mutanen da ba su san an taɓa goge su ba, akwai wata ƙarama mai suna Zion Dzarma. Injin bugawa ya shiga turo takardun ɗaya bayan ɗaya. Dorothy tana tsaye a bakinsa tana karɓa tun suna da ɗumi. A shafi na goma sha ɗaya ta tsaya, ta sa yatsa a kan wani layi da aka ja wa jan biro, leɓɓanta suka motsa da sunan maganin.

"Shida ne na farkon," ta ce, ba da kowa take ba. "Shida."

Ba Madu ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakiyar shago. "Thomas, na biyun za ka haɗa. Wanda ba ya jiran wani ya tuna."

"Shi ya kamata tun farko, Baba," in ji Kaltum. "Na san haka lokacin da na ce faifan."

"Na san kin sani." Ya juya ga Thomas. "Kuma ka raba mana ƙofa, kowa da tasa kalmar sirrin. Wayarta ka cire daga ma'ajiyar yau." Ya nuna ɗan akwatin. "Faifan ka bar mata, na yarinyar ne. Abin da za ta ɗauka nan gaba ta zuba a ciki." Ya koma kujerarsa ya ba shagon baya.

Dorothy ta jera takardun, shafi arba'in da ɗaya, ta saka a leda, ta saka ledar a wata ledar. Ta roƙi Thomas ya tura mata kwafi a waya, ya kuma tura wa ƙaninta Jona a Biu. Ta yi wa Ba Madu godiya. A bakin ƙofa ta tsaya, ledar rungume a ƙirjinta, ta juyo.

"Maman Jannat, in tambaye ki. Da ban dawo da rana ba fa? Da na wuce gida kawai?"

Kaltum ta nemi amsar da za ta wanke ta, ta samu har guda biyu, ta bar su.

"Ban sani ba, Maman Zion. Wallahi ban sani ba."

Dorothy ta daɗe tana kallonta. Sannan ta gyaɗa kai.

"To. Ki yi mana addu'a ranar Litinin."

Ta fita titi ta tsayar da Keke mai zuwa Galtimari.